Na biya kashi 60 na kuɗin gida, aiki ya tsaya a lintal, wai banki na bin kamfanin bashi

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Dan Allah ina cikin damuwa. Bara na shiga tsarin wani kamfani mai gina rukunin gidaje ta wajen hanyar Zariya, gida mai ɗaki uku, ana biya kaɗan-kaɗan. Na sayar da gwal ɗina na haɗa da kuɗin adashi na biya kashi 60. Da aka kai lintal sai aiki ya tsaya, wata bakwai ke nan ba a ɗora ko bulo ɗaya ba, yanzu kuma ana ta cewa banki na bin su bashi. Ejan ɗin da ya kawo ni ya ce in kwantar da hankalina, tunda ina da takardar alokeshin da rasit gida ya zama nawa, wai ma in ƙara kashi 20 a rufa min. In kamfanin ya karye ya zancen kuɗina? In ƙara ko kar in ƙara? Daga wata 'yar'uwa a Sharaɗa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo mafita. Kar ki ƙara ko sisi a yanzu. Kamfanin da ya kasa motsa aiki wata bakwai sannan ya dawo yana neman ƙari, galibi kuɗin nan ba rufinki zai tafi ba, ramin wani bashi za a cike da shi. Ba ina cewa ɓarayi ba ne. Da yawansu sun sayar da gidaje a kan tsohon farashi, sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni, buhun siminti da bai kai dubu biyar ba ya haura dubu goma a farkon 2024, rodi da kwano suka bi shi, lissafi ya rushe, sai suka koma karɓar kuɗin sabon mai saye suna ƙarasa gidan tsoho. Ranar da sababbin masu saye suka ɗauke ƙafa ranar aiki ke tsayawa.

Toh yanzu maganar ejan ɗinki, wadda wallahi ita ce ke cin dukiyar mutane a garin nan, kullum sai an shigo min ofis da irin takardar nan a cikin leda. Takardar alokeshin ba shaidar mallaka ba ce. Kamfani ne ya buga ta a kan takardarsa, manajansa ya sa hannu, abin da ta ƙunsa kawai alkawari ne cewa gida lamba kaza za a ba ki. Rasit kuma shaida ce cewa kin ba su kuɗi, shi ke nan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai C of O, wato satifiket ɗin fili da gwamna ke bayarwa, ba zai miƙa wa wani haƙƙinsa ba sai da amincewar gwamna. To ki tambayi kanki, satifiket ɗin filin da aka yi rukunin gidajen nan da sunan wa yake? Na kamfani ne, guda ɗaya, ya haɗa fulotinki da na maƙwabtanki gaba ɗaya. Kuma yawanci shi ne abin da ake ɗauka a kai banki jingina a karɓo rancen fara aiki. Banki ba ya wasa, lauyoyinsa za su rubuta jinginar, su nemi amincewar gwamna, su yi mata rajista a ma'aikatar ƙasa, su kuma shigar da ita a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, cikin kwana 90 kamar yadda dokar kamfanoni ta tanada. Ke kuma kina gida da takarda mai tambarin zinare an yi mata laminetin.

In kamfani ya gaza biya, banki na iya naɗa wakili da ake kira risiba ya karɓi dukiyar da aka jinginar ya sayar, ko wani mai bin bashi ya je Babbar Kotun Tarayya, nan Kano tana Gyaɗi-Gyaɗi, ya nemi a rufe kamfanin a raba abin da ya rage. Dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020, ta tsara layin rabon: mai jingina yana ɗaukar nasa daga abin da aka jinginar masa, sannan akwai kuɗin aikin rufe kamfanin, da albashin ma'aikata da harajin gwamnati, sai a can ƙarshe a zo kan masu bin bashi marasa jingina. Mai alokeshin da bai shiga gida ba sau da yawa a wannan layin na ƙarshe yake tsintar kansa, kafaɗa da kafaɗa da mai tifar yashi da mai bulo, kowa a ba shi gwargwadon abin da ya rage, in ya rage. In kuma bashin ya koma hannun AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don sayen basukan da suka gagari bankuna, to kin haɗu da mai ƙarfin doka fiye da bankin ma.

Akwai sauƙi ɗaya da ya kamata ki sani. Kotunanmu suna kare wanda ya biya kuɗi kuma ya karɓi wurin yana hannunsa, ko da takardarsa ba ta da rajista, matuƙar ya riga mai jingina zuwa. Shi ya sa kwanan wata ke da muhimmanci: yaushe kika biya, yaushe aka yi jingina, kuma wa ke riƙe da kangon. In jinginar ta riga ki kuma tana da rajista, doka na ɗauka cewa da kin bincika da kin gani.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ejan ya karɓi kamashonsa tun ranar da kika yi biyan farko, ba abin da zai rasa, amma shi ke ba ki fatawar doka. Wani kuma ya ce ai mai kamfanin babban Alhaji ne, ga motoci ga filaza, ba zai bari sunansa ya ɓaci ba. Hajiya, kamfani mai Limited mutum ne daban a idon doka, bashinsa ba ya hawa kan gidan Alhaji sai in ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa, ko an tabbatar da zamba a kotu. Kin san wa ke sa shi ya sa irin wannan hannun? Banki. Girman suna kuwa, Evergrande na ƙasar Sin na cikin manyan kamfanonin gini na duniya, a watan Janairun 2024 kotun Hong Kong ta ba da umarnin rufe shi, mutane da yawa sun biya gidajen da ba a gama ba. Masu cewa a kai shi wajen 'yan sanda a matse shi ya fito da kuɗi su ma su yi hattara, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, sai in akwai alamar damfara, kamar sayar da gida ɗaya ga mutum biyu. Kuma kuɗin da aka fifita wani da shi ta bayan fage dab da rufe kamfani kotu na iya cewa a dawo da shi.

Satin nan ki ɗauki lauyanki na kanki, ba wanda kamfani ya nuna miki ba. Ya yi bincike a CAC ya ga ko akwai jingina a kan kamfanin, ya je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Kano, da lambar satifiket ya ga sunan wa ke kai da abin da aka rubuta a fayil, ya duba ko KNUPDA, hukumar tsara birni ta Kano, ta ba da izinin ginin tun farko. In kamfani ya ƙi ba da lambar satifiket, wannan ma amsa ce. Ki nemi sauran masu saye ku haɗa kai, lauya ɗaya, murya ɗaya, don banki ya fi sauraron mutum talatin a kan mace ɗaya.

In filin ba jingina, shawarata ki nemi a kawo ƙwantiti sabeya, wato masanin lissafin kuɗin gini, ya ƙiyasta aikin da aka yi, a rubuta miki takardar miƙa mallakar fulotin yadda yake, a fara neman amincewar gwamna, ki karɓi kangon ki sa ƙofa da mai gadi, ragowar kashi 40 ɗinki ki ƙarasa da magininki. In akwai jingina, duk abin da za ki biya nan gaba sai da rubutacciyar yardar banki cewa zai cire fulotinki daga jinginar, kuma kuɗin ya shiga asusun amana da ba a taɓawa sai an ga aiki, rufi ya hau a saki na rufi. In kuma an riga an naɗa mai rufe kamfanin, ki gaggauta miƙa masa shaidar bashinki da rasit da bayanan turawar banki kafin wa'adin da zai sanar ya wuce, domin daga lokacin da kotu ta ba da umarnin rufewa ba ki da damar shigar da ƙara a kan kamfanin sai da izininta.