Takardar "Zan Ba Ka Aiki" Kwangila Ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni magini ne a Aboabo, nan Kumasi. Wani Alhaji ya ba ni takarda da sa hannunsa cewa yana da niyyar ba ni ginin bene mai hawa biyu, in fara fandisho kar in wuce sidi dubu 80 kafin mu rubuta cikakkiyar yarjejeniya. Na fara, aiki ya yi daɗi, duk sanda ya zo sai ya ce ci gaba kawai, har na kai linta na kashe kusan dubu 130, siminti da rodi ma bashi na ɗauko. Yanzu ya ba ɗan ƙanwarsa sauran aikin, wai dubu 80 kaɗai ya sani. Ina da hakki kuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Wallahi abin ya taɓa ni, don na san yadda mai shagon siminti ke tsayawa a ƙofar gida da sassafe da littafin bashi a hannu.

Irin wannan takarda ta niyya sau da yawa ba ita ce kwangilar ginin gaba ɗaya ba, izini ce ta fara wani yanki na aiki, shi ya sa zai yi wuya ka tilasta masa ya bar maka sauran benen. Amma guminka ba zai tafi a banza ba. Kotunan Gana suna duba hukuncin kotunan Ingila a irin wannan, kuma akwai shari'ar kamfanonin British Steel da Cleveland Bridge, inda aka ƙera ƙarafan wani gini a Dammam ta Saudiyya bisa takardar niyya kawai ta 1979, ba a taɓa kammala yarjejeniya ba, alƙali ya ce babu kwangila amma dole a biya kuɗin da ya dace da aikin da aka yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wannan dubu 80 ɗin. Kamfanin gini na Mowlem ya wuce iyakar fam miliyan 10 da kamfanin Stena Line ya rubuta masa a takardar niyya, a 2004 kotun Ingila ta ce iyakar nan ita ce iyaka. To kai ma abin da zai cece ka shi ne hujjar cewa Alhaji da kansa ya sa ka wuce, ba kai ka yi gaban kanka ba. "Ci gaba" ɗin nan, a baki ya tsaya ko akwai saƙon WhatsApp, ko murya da ya turo? Wa ke wurin lokacin da ya faɗa, birkila, leburori, direban tifa? Kar ka goge komai a wayarka.

Yau ɗin nan ka je ka ɗauki hoton ginin kafin sabon mai aiki ya ɗora bulo ko ɗaya a kan naka, ka tattara rasit, ka samo mai ƙiyasin kuɗin gini ya auna ya rubuta. Sannan a fara da sulhu gaban limami ko sarkin zango, a rubuta abin da aka amince kowa ya sa hannu. In ya ƙi, ka kai wa lauya takardar ya karanta kalma bayan kalma. Doka ta ba da shekara 6 a shigar da ƙarar irin wannan bashi, amma kar ka jira ko wata 6.