Inda Za Mu Samo Ƙarafan Jikin Tsohuwar A-kori-kura

Yarona, ka tambaye ni game da a-kori-kurar nan Peugeot 504 da mai ita yake so a mayar masa da ita kamar yadda ta fito daga kamfani. Ka ce tun da an daina ƙera motar, ina za mu samo madgad da ƙofa da bonet da ƙarfen bodin baya, kuma ko ba zai fi sauƙi mu sa a kawo mana sababbi daga waje ba. Amsata ita ce, ƙarfen asali mai lafiya da aka cire daga wata 504 ya fi kowane sabo na kwaikwayo, kuma ba a zuwa kasuwa sai an tuɓe motar an ga ainihin abin da take bukata.

Ka fara da tuɓewar, domin a nan ake asarar kuɗin mutane. Za ka kwance bamba da fitilu da madgad na gaba da bonet da ƙofofi, ka ɗaga ledar ƙasa da kujera, sannan ka gurje fenti a duk inda ka ga ya kumbura har sai farin ƙarfe ya bayyana. Tsatsa daga ciki take cin ƙarfe ta fito waje, saboda haka ɗan kumburin da ka gani a gindin ƙofa yana iya zama ramin da hannunka zai shiga. Idan ka gama, sai ka raba aikin gida uku a takarda: abin da guduma za ta gyara, abin da za a yanke wani sashe a yi masa faci, da abin da ya mutu sai an canza shi ɗungurum. Kashi na ukun kaɗai za mu nema a kasuwa, kuma sau da yawa za ka tarar bai kai yawan da mai mota ya zata ba. Madgad da ya lotse amma bai ruɓe ba, ni ban yarda a jefar da shi ba, domin shi ne wanda aka haifi motar da shi, kuma ramukan kusoshinsa sun riga sun san mazauninsu.

Ya kamata ka san tarihin motar kaɗan, domin shi zai nuna maka ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa. An fito da 504 a Faransa a 1968, a-kori-kurarta kuwa ta biyo baya wajen 1979, ta gaji 404 a aikin dako. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Turai. An kuma harhaɗa ta a Kenya da Ajantina. Wannan ya sa mu a nan muna cikin waɗanda suka fi kowa sa'a a duniya kan wannan mota, har masu gyaran tsofaffin motoci a Turai sukan rasa abin da ke jibge a bayan garejojinmu. Abu na biyu shi ne, gaban a-kori-kura ɗaya ne da gaban salun da wagon, don haka bonet da madgad na gaba da gilashin gaba ba dole sai daga wata a-kori-kurar za su fito ba. Daga bayan mazaunin direba ne labari ya canza. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74 ce a salun, 2.90 a wagon, mita 3 a a-kori-kura, kuma bangon bayan direba da bodin kaya nata ne ita kaɗai.

Duk da haka kada ka ji an ce 504 ce ka biya kuɗi. Motar da aka shafe shekaru sama da talatin ana ƙera ta a ƙasashe daban-daban ba za ta rasa bambance-bambance ba. Ƙofofin salun na farkon shekarun 1970 hannunsu a waje yake, na baya kuwa a nutse yake cikin ƙofar, kuma ramin da aka huda wa kowanne daban ne. Na Ajantina na ƙarshe-ƙarshe an sauya musu fuska da fitilu. Na Kenya sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya, sitiyarinmu yana hagu, saboda haka ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba ba zai yi mana daidai ba. A kan ƙofa musamman, ka gwada firam ɗin gilashi da tef kafin ka yarda cewa ta salun za ta zauna.

Hanya mafi kyau ita ce a sayi matacciyar mota guda. Ina nufin wadda injinta ya buga ko aka jingine ta shekara da shekaru, amma jikinta bai taɓa yin babban haɗari ba. Mai mota zai ga kamar kuɗin ya yi yawa, sai ka zaunar da shi ka lissafa masa: idan ya sayi ƙofa biyu da bonet da madgad ɗai-ɗai, zai kusa biyan kuɗin motar gaba ɗaya, kuma ba zai sami hinji da makulli da ƙarfen ɗaga gilashi da ƙananan maƙalai da kusoshi ba, alhali waɗannan ƙananan abubuwa su suka fi wahalar samu, su ne kuma suke tsayar da aiki wata da watanni. Irin waɗannan motoci ana samunsu a bayan tsofaffin garejoji da gidajen gona da harabar ma'aikatu idan an yi gwanjo, kuma tsofaffin direbobin tasha sun fi kowa sanin inda suke kwance. Ka riƙa gaisawa da 'yan gwangwan, ka bar musu sallahu, domin yanzu su ne suke riga mu isa wurin. Suna sayen mota da kilo su sare ta a kai kamfanin narka ƙarfe, kuma duk wadda ta shiga tukunya ta tafi ke nan. Abin yana damuna ƙwarai, domin na sha ganin an sare bonet mai lafiya da gatari saboda kawai a sami wurin loda shi.

Inda mota ta yi rayuwarta yana da muhimmanci kamar shekarunta. Ƙarfen da ya zauna a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram yakan tsira daga tsatsa saboda bushewar iska, amma za ka same shi da lotsewa da tsagewa a kusurwoyi, sakamakon lodi fiye da kima a kan hanya marar kyau. Wanda ya fito daga Legas ko Kwatano iskar teku ta taɓa shi. Na Turai kuma, wanda mutane suke rububinsa da sunan kayan Beljiyam, ya sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, fentinsa yana ƙyalli amma gindinsa a cinye. Ni na fi son lotsattsen ƙarfen Arewa, domin lotsewa aikin guduma ce, ruɓewa kuwa sai yanka da walda. Sai dai bodin baya bai shiga wannan hukunci ba, tun da motar da ta yi dakon takin zamani ko kanwa ko dabbobi za ka tarar ƙasan bodinta ya lalace ko da ba ta taɓa ganin teku ba.

Idan ba a dace da mota guda ba, sai kasuwa. Akwai Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas idan abin ya gagara a nan kusa. Ka tafi da tsohon ƙarfen idan zai ɗauku, in ba haka ba ka tafi da awonsa a rubuce da hotunansa ta ciki da waje, ka kuma sa ɗan maganaɗisu a aljihu. Kada ka duba kaya a cikin duhun rumfa. Ka fito da shi rana, ka karkata shi yadda haske zai bi ta gefensa, nan take duk wani tudu da kwari zai nuna kansa. Ka bi da maganaɗisun a hankali, duk inda ya ƙi kamawa ko ya yi sanyin kamu, an cika wurin da fila, wato kwaɓin da ake shafawa a rufe lotsewa kafin fenti. Sannan ka juya bayansa, domin mai sayarwa yana iya gyara fuska amma ba ya wahalar da kansa da baya, kuma a can za ka ga sawun guduma da baƙin waldar kabad. A ƙofa, wurin da ya fi muhimmanci shi ne gindinta, inda aka naɗe fatar waje a kan ta ciki. Idan naɗin ya kumbura, tsatsa ta riga ta shiga tsakani, kuma ba ta fita. Ka duba ko ramukan zubar ruwa a buɗe suke, ka girgiza ƙofar ka ji ko ɓarɓashin tsatsa yana kaɗawa a ciki, ka duba mazaunin hinji ko ya tsage. Ƙarfen da aka yi masa sabon fenti a kasuwa, ka ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa har sai ka tabbatar babu.

Abin da ake kwancewa da sifana ba shi da wuya. Wahalar tana ga sassan da aka yi wa walda tun daga kamfani, kamar dokin ƙofa da ginshiƙan rufi da bangon bayan direba. Gaban 504 ba a ɗora shi a kan shasi daban kamar na babbar mota ba, jikin ne da kansa yake ɗauke da nauyi, don haka waɗannan sassa ƙashin mota ne. Idan za a yanko maka, ka tsaya a kansu, ka sa su yanka da rara kamar faɗin tafin hannu bayan layin haɗi. Idan ka kawo gareji sai ka huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya ka ɓare rarar a natse. Yaran kasuwa da wutar kabad suke yanka, zafinta kuma yana murɗa bakin ƙarfe, shi ya sa nake son murɗewar ta tsaya a kan rarar da za mu zubar.

Yanzu ga maganar sababbi. Iri biyu ne, kuma tazara ce mai nisa a tsakaninsu. Akwai tsohon kayan kamfani da ba a taɓa ɗaurawa ba, wanda ya kwana a sito ko a shagon wani tsohon dila. Idan ka ci karo da irinsa, ko da ya yi ɗan jan tsatsa a sama, ka saya ba tare da dogon ciniki ba, domin da injin matsi na asali aka buga shi. Sai kuma na kwaikwayo, wanda wasu kamfanoni suke bugawa da nasu ma'aunin. Wani yana da dama-dama, amma da yawa ƙarfensu ya fi siriri, layukan jikinsu ba su fita sosai ba, ramukan kusoshi kuma sukan kauce, sai ka ɓata yini biyu kana ja da turawa kafin ya yarda ya zauna. Baƙin fentin da suke zuwa da shi ma ka gwada shi da tsumma da tina, wato ruwan narkar da fenti, idan ya goge to na kare shi a hanya ne kawai, sai an cire shi duka kafin a yi fentin ƙasa. A Faransa akwai L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihin kamfanin a Sochaux, kuma suna sayar da wasu kayan tsofaffin motoci. Zan yarda a nemi ƙananan abubuwa kamar robobin gilashi da tambari daga waje, amma bonet ko ƙofa, idan ka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan da canjin kuɗi, ga kuma yiwuwar ya iso a lotse, ban ga dalilin da zai sa mu tsallake abin da ke Kaduna ba.

Ƙasan mazaunin direba da ƙasan bodin baya kuwa ba na ɓata lokaci wajen nemansu, domin na kowace tsohuwar mota ya gaji kamar namu. Waɗannan da hannunmu za mu yi su. Ka yanki kwali daidai da wurin, ka kwafa a kan sabon farantin ƙarfe mai kauri irin na asali, wato kusan milimita 1 ga fatar jiki, abin da ya fi haka ga ƙasan bodi da wuraren ɗaukar nauyi. Ka buga masa layukan ƙarfafawa kamar yadda na asali yake da su, in ba haka ba zai riƙa ƙara yana lanƙwashewa. Kada ka yi faci da kwanon rufi ko ƙarfen tsohon firiji. Kwano ya yi siriri, kuma abin da aka shafa masa yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa shi. Ka haɗa baki da baki maimakon ɗora wani kan wani, domin ruwa yana maƙalewa a tsakanin ninki. Waldar kuma ɗigo-ɗigo za ka yi, kana tsallakawa kana barin ƙarfe ya huce, kuma tankin mai ya riga ya sauka daga motar kafin ka kunna wuta.

Akwai maganar takarda, wadda yara da yawa suke rainawa. Duk abin da ka saya ka karɓi rasit mai sunan shago, idan kuwa mota guda ce ka ga takardunta ka kuma sa shaidu, domin kayan sata suna yawo a kasuwa, kuma mai gareji ake fara kamawa. Lambar shasin motar da muke gyarawa ba a taɓa ta, ba a kuma ɗauko ta wata a liƙa mata. Idan tsatsa ta kusanci wurin, ka kira ni kafin ka sa injin yanka.

Kayan da ka kawo kada ka kai su wurin mai fenti sai an gwada su a jikin motar. Za a fara rataya ƙofofi, domin su ake daidaitawa da ginshiƙi, sannan madgad ya bi ƙofa, bonet ya bi madgad. Ka bar tazarar milimita 4 zuwa 5 a kowane haɗi, daidai daga sama har ƙasa, ka ɗaura fitilu da bamba da makulli ka buɗe ka rufe sau da yawa, sannan a sake kwancewa a yi fenti ciki da waje. Saboda wannan gwajin ne nake so ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya, cewa idan kaya bai zauna ba za ka dawo da shi a canza maka. Gobe da safe ka fara da kwance gaban motar, ka zuba kusoshin kowane sashe a gwangwaninsa daban da rubutu a jiki, idan ka gama gurzar gindin ƙofofin ka kira ni mu duba tare kafin mu rubuta abin da za a saya.