Hutun iyali a jirgin ruwa: amsata ga Yaya

Yaya, tambayoyi biyu ka aiko mini a saƙo ɗaya, kuma ta biyun ta tona asirin ta farkon. Da fari ka ce me ya kai 'ya'yan Hausawa, har da tsohuwa a keken marasa lafiya, cikin jirgin ruwan yawon shaƙatawa inda aka ce maka giya da caca ne aikin yi, ko dai mun gama narkewa cikin Turawa ne. Can ƙasa kuma ka ce in ba damuwa in yi maka bayanin yadda ake shirya tafiyar, don yaranka sun ga hotunan sun hana ka sakat. Zan amsa maka a fili, tunda ba kai kaɗai kake yi mana wannan tambayar ba.

Ku da kuke kewaye da dangi ba ku san tsadar haɗuwa ba. Ni ina Ingila tare da Hajiya, ƙanena yana Amurka, 'yata tana aiki a Jamus. Gidajenmu na nan ƙanana ne, kuma duk ranar da aka taru a gidan ɗaya daga cikinmu, matar gidan a tsaye take kwana, har baƙin su tafi ba ta zauna an yi hira da ita ba. A jirgi kuwa kowa da ɗakinsa, ba mai girki ba mai wanke-wanke, a kwana a wata ƙasa a wayi gari a wata ba tare da an sake ɗaure kaya ba. Abin da ya kai mu ke nan. Zumunci muka je yi, ruwan dai hanya ce.

Giya da caca akwai su, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka san girman abin da ake magana a kai? Icon of the Seas, wanda kamfanin Royal Caribbean ya fara fita da shi daga Miyami a 2024, hawa 20 gare shi, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Gari ne guda, kuma a gari kowa da inda ƙafarsa take kai shi. Gidan cacar yana wani hawa, ba a barin yara su yi wasa a ciki, galibi a rufe yake in jirgi yana tasha. In ma jin ƙarar na'urorin ne ba ka so, jiragen Disney ba su da gidan caca sam, sannan akwai AROYA da ya fara tashi daga Jidda a watan Disamban 2024, shi ba giya ba caca. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka san wace irin tafiya ka saya. Gajerun tafiye-tafiyen ƙarshen mako, na kwana uku ko huɗu, 'yan holewa sun fi cika su. Na mako guda a lokacin hutun makaranta iyalai ne suka fi yawa. Wasu kamfanonin kuma, irin su Virgin Voyages da Viking, ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, kada ka ɓata lokacinka a kansu.

Inda mutanenmu suka fi kwana ciki shi ne takardu. A iyali ɗaya za ka samu fasfo kala uku, kuma kowane da hukuncinsa. Jirgin da ya tashi daga Southampton ya bi ta Sifaniya da Faransa ya shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Ingila kuwa ba ta cikinsa, saboda haka mai bizar Ingila kaɗai bai gama ba. In hanyar ta fita daga Shengen ta sake shiga, misali ta ratsa Turkiyya, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, sai ta shiga da yawa. Kada wani ya ce maka ai in ba za ka sauka a tashar ba ba ka buƙatar biza. Tun a bakin ƙofa ranar tashi ake duba takardun kowa, wanda nasa bai cika ba, sai a mayar da shi gida, kuɗinsa kuma ba a dawo masa da su. Na ga wata uwa tsaye a zauren shiga da akwatunanta, jikokinta suna ciki, ita an hana ta. Ka tabbata kowane fasfo yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, sunan da ke tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Yaron da zai bi ku ba tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba, a taho da takardar amincewarsu.

Akwai kuma dokokin da ba a jin su sai an biya kuɗi. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyun da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, in ƙetare Tekun Atilantika za a yi ma sai ya shekara. Yaron da bai daina sa kunzugu ba ba ya shiga babban wurin ninkaya, kuma wurin wasan yara inda ma'aikata ke kula da su yawanci daga shekara uku yake farawa. Ka ƙirga shekarun yaranka a ranar tashi, ba ranar saye ba.

Ɗaki iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, sai manyan ɗakunan masu hali. Na ciki ya fi araha kuma ya ishe matasa, tunda barci kawai ke kai su. Hajiya kuwa mai baranda muke kama mata, don ranar da ƙafa ta hana ta fita ta zauna ta sha iska. Mai saurin jiri a nema masa ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, nan ne jijjiga ta fi sauƙi. Ka duba taswirar jirgin kada ka faɗa ƙarƙashin wurin ninkaya ko saman zauren kiɗa. Ɗakuna masu ƙofa a tsakani da na masu keken marasa lafiya kaɗan ne, su ake fara kamawa. In ɗakuna da yawa kuka kama, ka sa a haɗa lambobinsu wuri ɗaya don a ba ku teburi guda, ka zaɓi zaman cin abinci na farko saboda yara da tsofaffi. Duk wata buƙata ta abinci, ta addini ce ko ta lafiya, makonni kafin tashi ake sanar da ita a rubuce, ba a bakin teburi ba.

Teburin nan shi ya kawo ni kan abin da na san yana cin ranka, ko da ba ka faɗa ba: Turawan nan biyu da ka gani kusa da Hajiya a hoto. Iyayen surukata ne. E, babban yarona Baturiya ya aura, kun daɗe da sani, kun kuma daɗe kuna maganar a bayan idona. Yaron da aka haifa a nan, ya yi makaranta a nan, yake aiki a nan, a ina kuke so ya gamu da mata? Shekaru muka yi muna gaisawa da iyayenta a tsaitsaye, in sun zo gidana a takure suke, in na je nasu a takure nake. A jirgi ba wanda yake baƙon wani. Mahaifin yarinyar shi ke tura keken Hajiya duk safiya su zaga saman jirgi, ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Turanci, amma su dawo suna dariya. Jikata kuwa ita ce tafinta, takan juya ta gaya wa kakanta abin da Hajiya ta ce, ta rage inda ta ga zai yi zafi. Hausarta tana da ɗingishi, na yarda. Amma tana durƙusawa ta gaida kakar babanta, ta kuma san wanda ba a kiran sunansa. In kun zo auna mu, ku riƙa haɗawa da wannan.

Ruwa ma ba baƙonmu ba ne. Baba, Allah ya jiƙansa, a jirgin ruwa ya zo ƙasar nan, cikin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Afirka ta Yamma da Ingila daga 1951 zuwa 1974. Kusan mako biyu suka yi a hanya kafin Libaful. Har ya rasu yana ba mu labarin yadda ya riƙa tambayar ma'aikatan jirgin inda gabas take. Mu yanzu talabijin ɗin ɗaki ce ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita muke gane alƙibla, sai dai a sake dubawa kowace salla domin jirgi yana juyawa. Wanda ya zaɓi arewacin Nowe da bazara ya tanadi amsar malamansa kan lokutan salla tun daga gida, don a Tromso rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Baba bai taɓa komawa ta ruwa ba, kuma ban taɓa jin wani a cikinku ya ce ya daina zama Bahaushe don ya hau jirgi.

Hanya kuma a zaɓe ta da tunanin mafi rauni a cikin tafiyar. Mashigin Biskay, tsakanin Faransa da Sifaniya, ya yi suna wajen igiyar ruwa, mai jiri ya fi dacewa ya tashi ta sama zuwa Barsalona ya hau daga can. Lungunan tekun Nowe a kwance ruwansu yake. Yankin Karibiyan yana da lokacin guguwa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kyaftin na iya sauya tasha ba shawara. Wasu tashoshin, kamar Santorini, jirgi ba ya matsawa bakin gaɓa, ƙananan jirage ne ke kwasar mutane, mai keke kan rasa sauka. Kuma sunan da ke takarda yana yaudara: an rubuta Roma, amma a Civitavecchia ake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. Ga dokar da ba ta da sassauci: in da motar kamfanin jirgin kuka fita yawo kuka makara, za a jira ku. In da kanku kuka fita, ba a jira. Agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin, kuma rabin sa'a kafin tashi ake so kowa ya dawo. Mu da aka sani da "ga mu nan tafe", nan ne muka koyi darasi a kan wasu, muna baranda muna kallonsu suna gudu a kan gadar tasha.

Kuɗin tikiti ba shi ne kuɗin tafiya ba. Kamfanoni da yawa suna ɗora tukuicin ma'aikata kullum a kan kowane mutum, har yara a wasu jiragen. Intanet daban ake saye. Waya kuwa a kashe mata layi da zarar an bar gaɓa, don a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam take kamawa, kuɗin kuma ba a magana. Katin ɗaki shi ne kuɗi a cikin jirgi, ka je ka sa wa na yara iyaka tun ranar farko. Za a yi ta tallata maka tsarin shaye-shaye na bai ɗaya, alhali wanda ba ya shan giya na lemo da shayi ya ishe shi, in ma yana buƙata. Abin da ba a yi wa rowa shi ne inshorar da ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, da ɗauko marar lafiya daga teku. Asibitin jirgi biya ake yi, kuma a faɗa wa mai inshora gaskiyar ciwon tsofaffi, in an ɓoye ba za su biya ba.

Ranar tashi ba a yi mata sammakon jirgin sama. A isa garin tashar kwana guda kafin nan. Akwatuna sukan yi sa'o'i kafin su iso ɗaki, don haka magunguna da fasfo da kayan jariri a jakar hannu. Dutsen guga da butar lantarki a bar su gida, ƙwacewa ake yi saboda gobara. Atisayen ceto dole ne a kan kowa, har Hajiya. Tun bayan da Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka cewa a yi shi kafin a tashi ko da zarar an tashi. Ka riƙe hannun yaranka ka kai su wurin taruwar da aka rubuta a katinsu, su san hanyar da kansu. Sai wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, don cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda aka cunkusu.

In da gaske kake yi, tsakanin Janairu da Maris kamfanoni suka fi yin rangwame. Ana ba da kafin alƙalami, cikon kuma galibi wajen wata uku kafin tashi, bayan nan duk wanda ya fasa asara zai yi. Mu mutum ɗaya muke wakiltawa ya karɓi kuɗin kowa ya yi magana da kamfani, bana ƙanena ne. Biza ita ce mai cin lokaci, don haka ka turo masa sunayen masu zuwa kamar yadda suke a fasfo da ranar ƙarewar kowane. Ka gaida Yaya Babba da yaran, ka ce wa ƙaramar tana da sauran shekara guda kafin a karɓe ta a wurin wasan.