Idan kwamfuta ta iya, me ya rage wa ɗakin gwaji?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar nazarin halittu ce. Na ji an ce yanzu da kwamfuta da tarin bayanai ake nazarin yadda ƙwayar halitta ke narkar da tsofaffin kayanta ta sake amfani da su. To me ya rage wa ɗakin gwaji?

Amsa: Wannan aiki shi ake kira otofaji, sunan da Christian de Duve ya raɗa masa a 1963. Ƙwayar kan naɗe lalataccen furotin ko mitokondiriyar da ta gaji (injin samar wa ƙwaya kuzari) a cikin wata 'yar jaka mai ɓawo biyu, ta kai wa laisosom, wato ma'aikatar narkar da shara ta cikin ƙwaya, ya narkar, a maido da amino asid, tubalan gina furotin, bakin aiki. Yoshinori Ohsumi na Japan ya gano ƙwayoyin gado 15 masu tafiyar da shi a jikin yis a 1993, ya kuma samu lambar Nobel a 2016.

Sai lissafi ya fara fin ƙarfin kai. A 2010 masu bincike a Harvard suka zana taswirar cuɗanya 751 tsakanin furotin 409 a ƙwayoyin ɗan Adam. Wa zai riƙe wannan a ka? Ga shi kuma al'amarin zagaye yake yi. Idan abinci ya wadata, wani furotin mai suna mTOR na taka wa otofaji birki. Idan kuzari ya yi ƙasa, wani furotin kuma, AMPK, na zuga shi, dukansu ta kan ULK1, furotin da ke kunna aikin. Amino asid ɗin da laisosom ya saki kuma shi ke sake tayar da mTOR, birki ya dawo. A nan kwamfuta ke da rana: a rubuta kowace alaƙa da lissafi a gina samfurin ƙwayar, a rage abinci a cikin samfurin, a ga me zai faru bayan awa shida.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ki leƙa madubin ƙara girma, ki ga ƙwaya cike da ɗige-ɗige masu ƙyalli na LC3, furotin da ke manne wa jakunkunan nan, wato jakunkuna sun yi yawa. Aiki ne ya kankama, ko laisosom ne ya tsaya suka taru? Hoton iri ɗaya ne. Ko hotuna miliyan kika ba kwamfuta, muddin duk na lokaci guda ne, da wuya ta raba miki gardama.

Shi ya sa ake zuba wani sinadari mai suna bafilomaisin a toshe laisosom da gangan, a ƙirga jakunkunan da suka ƙaru cikin awa biyu ko huɗu, a kwatanta da ƙwayoyin da ba a taɓa ba. Bambancin ne ke nuna saurin aikin, kuma wannan adadi samfurin ke jira daga hannunki. Ni dai duk samfurin da aka nuna mini, tambayata ta farko ita ce: sau nawa aka auna, kuma da wace tazara?