Tambayoyinku: Karatun 'ya'yan masu tafiya aikin gonar koko

Tambaya: Salamu alaikum. A Aboabo nake, cikin Kumasi, ƙasar Ghana. Kowace shekara ni da iyali mukan tafi wani ƙauye wajen Tepa, inda nake kula da gonar koko a tsarin abusa, wato in ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin, daga Oktoba har bayan sabuwar shekara. Babbar 'yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare (JHS), mai bi mata yana aji huɗu na firamare, autan kuma shekararsa huɗu. Duk dawowarmu sai malamai su ce sun ci baya. In bar su ne, ko in riƙa tafiya da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ba na ƙwaƙwalwar yaran ba ne. Makarantun gwamnati a Satumba suke buɗe shekara, babbar kakar koko kuma a Oktoba take kamawa. Ke nan zangon karatu na farko, inda ake aza harsashin aikin ajin, shi ke wuce su kowace shekara, har da jarrabawar Disamba.

Babbar dai kada ta motsa daga Kumasi. A jarrabawar BECE ta kammala JHS, kashi 30 cikin ɗari na makin daga aikin aji yake fitowa, wanda makaranta ke tarawa ta aika wa hukumar jarrabawa ta WAEC, sauran 70 ne na zauren jarrabawa. Makarantar ce kuma ke yi wa ɗalibi rajista idan ya kai aji uku na JHS, sai an nemo hotonsa da bayanansa. Yarinyar da ke gona a lokacin tana iya rasa rajistar, ta rasa gurbin sakandare ta kyauta da aka fara a 2017. Nemo mata mai riƙo a dangi, amma ka duba da kyau. Gwaggon da za ta ɗora mata tiren talla zuwa kasuwar Kejetia tun da asuba ba ta da maraba da gonar. Ka kai mai riƙon gaban hedimasta da ƙafarka, a rubuta lambar wayarsa, ka bar kuɗin abinci na wata-wata.

Ɗan aji huɗun, in dole ne ya bi ka, a yi canjin makaranta yadda ya kamata. Karɓo takardar canji daga hedimasta, da katin sakamakon zangon baya, da kundin tarihin karatunsa. Yi musu hoto a waya, domin damshin ɗakin gona da gara ba sa barin takarda. Kafin ku kwashe kaya, taka hanyar makarantar ƙauyen da kanka, ka ga nisanta daga bukkarku, ka ga ko akwai rafin da ke cika in an yi ruwa. Nan yawancin yaran gona ke yankewa, a yi musu rajista, su je mako biyu, hanya ta gagare su. Karatun matakin farko kyauta ne kuma dole, kamar yadda kundin tsarin mulki na 1992 ya tanada. Idan aka ce babu wuri, ka wuce ofishin ilimi na gundumar. Tambayi kuma ko makarantar tana cikin shirin ciyarwa na gwamnati, don ba kowacce ke ciki ba.

Autan ya isa shiga KG, wato ajin share fagen firamare. Ka tafi da takardar haihuwarsa, in babu, katin awon asibiti zai nuna shekarunsa. A yankin Asante da harshen Twi ake koyar da ƙananan azuzuwa, Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware wa makarantu, saboda haka a bar shi ya yi wasa da yaran ƙauyen, kunnensa ya buɗe.

Tambaya: Ƙanina ya kawo mini ɗansa daga gona, shekararsa 11, allo kawai ya yi. Ya yi girma da aji ɗaya? Daga wata uwa a Asawase.

Amsa: Bai makara ba, Hajiya. Akwai shirin cike giɓin karatu da ake kira CBE na yara 'yan shekara 8 zuwa 14 da ba su shiga makaranta ba: wata tara ana koya musu karatu da lissafi da harshen yankin, sannan a gwada su a sa su ajin da ya dace, galibi uku ko huɗu. Shirin ya fi ƙarfi a arewa, don haka ki fara tambaya a ofishin ilimi na Asokore Mampong. In babu aji kusa, kai shi ɗaya daga makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, ki roƙi a gwada shi kafin a yanke masa aji. Wanda ya saba zama gaban allo yakan kama baƙaƙen boko da wuri.

Ki kuma gaya wa mahaifinsa kada ya aiko a ɗauke shi in kaka ta zo. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 13 ga aiki mara nauyi, 15 ga ɗaukar aiki, 18 ga aiki mai haɗari. Feshin magani, sara da adda da ɗaukar buhun koko duk cikin na ƙarshen suke. In yana kewar yaron, hutun Disamba yana nan.