Amsoshin Tambayoyinku: Hanyar Gishiri ta Tsaunukan Jamus da Ostiriya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ɗana da ke karatu a birnin Munich ya shaida mini cewa zai yi hutunsa yana tafiya a ƙasa, kwana da kwanaki, a kan wata hanya da ya kira hanyar gishiri. Abin ya ɗaure mini kai, domin ƙasar tana da mota da jirgin ƙasa, kuma ni ban san abin da ya haɗa gishiri da tsauni ba. Ina neman ƙarin bayani. (Daga wata uwa a Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hanyar da ta fi dacewa da bayanin ɗanki ita ce wadda Jamusawa ke kira SalzAlpenSteig, wato hanyar gishiri ta tsaunukan Alps. Tana farawa daga garin Prien, a bakin tafkin Chiemsee da ke jihar Bavariya a kudancin Jamus, ta ratsa Ruhpolding da Inzell da Bad Reichenhall da yankin Berchtesgaden, ta tsallaka iyakar Ostiriya wajen Bad Dürrnberg, sannan ta bi ta Golling da Abtenau da Gosau har ta dire a Obertraun, a bakin tafkin Hallstatt. Tsawonta kimanin kilomita 230 ne, an kuma raba ta zango 18, don haka tafiyar yini ɗaya ba ta cika wuce kilomita goma sha wani abu ba, sai dai akwai hawa da gangara da yawa. A ƙarshen kowane zango akwai gari ko masaukin tsauni da matafiyi zai kwana, kuma ba dole ba ne mutum ya yi ta gaba ɗaya a tafiya guda.

Game da abin da ya kai gishiri cikin tsauni kuwa, masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa kimanin shekaru miliyan 250 da suka wuce wani teku ne marar zurfi a wannan yanki, ya yi ta ƙafewa yana barin gishiri, daga baya da ƙasa ta motsa tsaunuka suka taso, sai suka naɗe gishirin a cikinsu, gauraye da yumɓu da wasu duwatsu. Mutane sun gano shi tun da daɗewa. A Hallstatt ana ƙiyasta cewa an shafe shekaru kusan 7,000 ana ɗibarsa, kuma da yake gishiri ba ya barin abu ya ruɓe, ramukan sun adana kayan mutanen da suka yi aiki a cikinsu: buhunan fata na dako, da takalma, da ragowar abincinsu na sha'ir da gero da wake, har da wani tsani na katako da aka sare itacensa fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. A shekarar 1846 shugaban ma'adinin, Johann Georg Ramsauer, ya fara tonon wata tsohuwar maƙabarta a saman garin, inda ya buɗe kaburbura kusan dubu, aka tarar da kayan tagulla da duwatsun ado da suka fito daga bakin tekun Baltik, da hauren giwa. Mutanen da ke zaune a wani lungu tsakanin tsauni da tafki, inda ko gonar kirki babu, ba su sami waɗannan kaya ba sai da gishirinsu. Binciken ƙasusuwan ya kuma nuna cewa mata da yara sun sha dako mai nauyi a wannan aiki, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin. Saboda haka, Hajiya, ki sa masa albarka. Tafiya ce ta neman ilimi a kan hanyar da aka shata aka kuma sa mata alamomi.

Tambaya: Malam, na taɓa jin an ce bututun farko da aka shimfiɗa a duniya na gishiri ne, ba na man fetur ba. Shin haka ne? (Daga wani malamin tarihi a Zariya)

Amsa: Malam, maganar tana da gaskiya idan an yi mata iyaka. Bututun ruwan sha ya girmi wannan nesa ba kusa ba, domin Rumawa ma sun yi shi. Amma idan ana nufin bututun da ke kai kayan masana'anta daga wani gari zuwa wani mai nisa, to waɗanda ke kan wannan hanya suna cikin mafi daɗewa, kuma dalilin yin su ya cancanci a tsaya a kansa.

Da yake gishirin tsaunin a gauraye yake da yumɓu, sai masu haƙa suka koma sassaƙa ɗakuna a cikin dutse suna cika su da ruwa, ruwan ya narkar da gishirin, dattin ya kwanta, sannan a janyo ruwan a dafa shi a manyan kasake na ƙarfe har ya ƙone ya bar farin gishiri. A Bad Reichenhall ma ba a buƙatar haƙa, domin ruwan gishirin da kansa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Matsalar ita ce itace. Wutar kasaken ba ta mutuwa dare da rana, ta kuwa cinye dazuzzukan da ke kusa, har ta kai ga jigilar itace ta fi ƙarfin masu dafawa. Sai suka ga ya fi sauƙi a kai ruwan inda itace yake. Tsakanin 1595 da 1607 aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 40 daga Hallstatt zuwa Ebensee, da gumagumai kusan 13,000 da aka fafe cikinsu aka zura bakin wannan a cikin wancan. Wannan gangara yake bi. Na Bavariya, wanda aka gina tsakanin 1617 da 1619 daga Bad Reichenhall zuwa Traunstein, kimanin kilomita 31, ya fi wuya, domin sai ruwan ya hau tudu, don haka Hans Reiffenstuel da ɗansa Simon suka kafa gidajen famfo bakwai waɗanda ƙarfin ruwan rafi ke juyawa. A 1810 aka ƙara wani har Rosenheim, a 1817 kuma injiniya Georg von Reichenbach ya haɗa Berchtesgaden da Bad Reichenhall, inda injinsa guda ɗaya ke tura ruwan gishiri sama fiye da mita 350. A wurare da dama hanyar matafiyan ta yau tana bin sawun waɗannan bututai ne, kuma kusa da Grassau akwai wani tsohon gidan famfo, Klaushäusl, da aka mayar gidan tarihi.

Tun da kai malamin tarihi ne, ga abin da ɗalibanka za su so. Sunan birnin Salzburg kansa daga kalmar gishiri ya samo asali, kuma manyan limaman Kirista da suka mulki birnin da kuɗin gishirin Dürrnberg suka ƙawata shi. A 1611 rikici a kan wannan ciniki ya kai ga sojojin Bavariya sun shiga ƙasar Salzburg, mai mulkinta Wolf Dietrich ya rasa gadon mulkinsa, ya ƙare rayuwarsa a tsare. Amma a 1829 Bavariya da Ostiriya, wadda Salzburg ta koma ƙarƙashinta, suka ƙulla wata yarjejeniya mai hikima: Bavariya ta ci gaba da sarar itace a wasu dazuzzuka na cikin Ostiriya, ita kuma Ostiriya ta haƙi gishiri a ƙarƙashin ƙasar Bavariya. Har yau yarjejeniyar tana aiki, ko da yake an daina haƙa a Dürrnberg tun 1989.

Tambaya: Ranka ya daɗe, kakana dillalin kantu ne, a gidanmu Buzayen ayari ke sauka. Me zai hana a yi wa hanyar gishirin Bilma irin wannan gata? (Daga wani mai karatu a Damagaram)

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka, Malam, kuma tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Da farko a lura cewa wahalar cinikin biyu ba a wuri ɗaya take ba. A Bilma da Fachi ba a neman itace, domin rana ce ke dafa ruwan a cikin ramuka, a kwashe beza don miya, sauran kuma a cuɗa shi a zuba a mazubi a yi kantu, wanda galibi dabbobi ake ba. Tsadar tana cikin hanya: kusan kilomita 600 daga Agadas, a ratsa hamadar Tenere inda babu kiwo, har sai raƙuma sun ɗauki ciyawar da za su ci zuwa da dawowa, a kai gero a musanya shi da gishiri da dabino, sannan a gangaro kudu da shigowar sanyi. Cikin irin wannan ayari Heinrich Barth ya baro Azbin a ƙarshen 1850 a kan hanyarsa ta zuwa Kano.

Saboda haka sashen Tenere ba wurin yawon ƙafa ba ne. Babu mai shigarsa sai da madugu da raƙuma da sanin rijiyoyi, ga kuma halin tsaro da yankin ke ciki. Sashen kudu ne nake ganin za a iya yi wa aiki, daga Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, zuwa Tanut da Damagaram har Kano. Zangunan suna nan a cikin sunayen unguwanninmu: Zango a garinku, Fagge da Agadasawa a Kano. Akwai kuma abin da muke da shi wanda Jamusawa ba su da shi, domin su masu dakon gishirinsu sun ƙare, sai abin da aka tono, mu kuwa har yanzu ana yin ayari, ko da manyan motoci sun rage shi ƙwarai. A ganina, kafin a kafa allo ko ɗaya a bakin hanya, aikin gaggawa shi ne a zauna da tsofaffin madugai da 'ya'yan fatomai irinka a naɗi abin da suka sani: sunan kowace rijiya, da inda ake yada zango, da yadda ake auna gero da kantu. Ka fara da dattawan gidanku, ka kuma aiko mana da abin da ka samu.

Tambaya: Malam, wane lokaci ya fi dacewa da bin hanyar, kuma yaya Musulmi zai yi da abinci? (Daga wata ɗaliba a Biyana, Ostiriya)

Amsa: Malama, daga watan Yuni zuwa Satumba ya fi, domin da sanyi ƙanƙara tana rufe zangunan da ke sama, masaukan tsauni da yawa kuma suna rufewa. Ki kama wurin kwana tun da wuri, musamman kusa da Hallstatt, wanda mazaunansa ba su kai dubu ba amma baƙi ke cika shi, ki kuma bincika halin hanya kafin kowane zango, saboda wani lokaci ana rufe wani sashe idan duwatsu sun zubo. Naman alade yana da yawa a girkin yankin, har a cikin romon miya, don haka ki tambaya kafin ki ci. Kifin tafki da cuku da ƙwai da dankali suna samuwa kusan ko'ina. Kada ki tafi ke kaɗai, ki nemi takalmin hawa mai kama ƙasa da rigar ruwa. Idan za ki shiga ma'adinin Berchtesgaden, wanda ake aiki a cikinsa tun 1517, ki sa rigar sanyi, domin cikinsa bai wuce digiri 12 ba ko da tsakiyar bazararsu.