Tambaya da Amsa: Me Ake Gani a Tsofaffin Finafinan Sararin Samaniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ina son finafinan tafiya sararin samaniya. Kwanaki na ci karo da wasu tsofaffi na baƙi-da-fari a YouTube, na kalli biyu. Wallahi kana hango zaren da aka rataye kumbon da shi, dodon kuma ko yaro ya san mutum ne ya sa riga. Duk da haka sai na ga manyan mutane suna yabon su. Akwai abin da ban gani ba ne, ko kuwa son tsohon abu ne kawai? In zan ci gaba, da wanne zan fara? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Idonka bai yi maka ƙarya ba, zaren yana nan, masu yabon ma sun gan shi. Ni dai ina cikin masu son finafinan nan, amma ba na yabon su a dunƙule. Akwai wanda kuɗi ne suka gaza masa, akwai wanda masu shi ne ba su damu ba. Na farko ina yafe masa komai, na biyu kuwa ba na ɓata lokacina a kansa.

Ka fara sanin yadda aka yi suka yawaita. A shekarun 1950, gidajen sinima na Amurka kan nuna fim biyu da tikiti ɗaya, ga kuma filayen da matasa ke kallo daga cikin motocinsu. Kullum ana neman fim na biyu mai araha, gajere, mai hoton talla da zai ja ido. Lokacin kuma Yaƙin Cacar Baka ne, tsoron bam ɗin nukiliya ya cika zukata, sai ga Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a watan Oktoba na 1957. Furodusa Roger Corman bai ɓata lokaci ba, a 1958 ya fitar da War of the Satellites. Kasuwa ce, kowa na rige-rigen kai kayansa tun labari yana da zafi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mutanen nan sun yi aikinsu ne kafin kowa ya je. Sai a watan Afrilu na 1961 Yuri Gagarin ya zagaya duniya a kumbo, sai a 1965 kumbon Mariner 4 ya aiko da hotunan Mars daga kusa, aka ga ramuka da ƙasa busasshiya. Kafin nan marubuci yana da damar zuba birane a Mars, ya sa dazuzzuka a kan Zara matar wata. In ka kalle su, kana ganin abin da mutanen wancan zamani ke fata da abin da ke hana su barci.

Ɗauki Rocketship X-M na 1950. A kwana 18 aka ɗauke shi, da kimanin dala 94,000, aka yi sauri ya riga Destination Moon, wanda ya fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, shiga sinima. Mutum biyar sun nufi wata, kumbon ya ɓace hanya ya kai su Mars. Hamadar Kalifoniya aka ɗauka aka rina hoton ya yi ja, shi ke nan Mars ta samu. Can suka tarar da kufan wata al'umma mai ilimi da ta hallaka kanta da yaƙin nukiliya, jikokinta sun koma zaman kogo suna jifa da duwatsu. Biyu suka mutu a can. Sauran ukun suka kamo hanyar gida don su gargaɗi duniya, mai ya ƙare musu, su ma ba su tsira ba. Shekara biyar kacal ke nan bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ta Japan. Babban kamfani da ya zuba dukiya zai yi wuya ya yarda a kashe dukkan jarumansa. Ƙaramin kamfani da ba wanda ya sa masa ido ya iya. Har yau ƙarshen fim ɗin nan yana taɓa ni, kuma ba na tuna da wani zare in na zo wurin.

Sai dabarar da rashi ke haifarwa. Daraktan Italiya Mario Bava ya yi Planet of the Vampires a 1965, kusan ba shi da komai sai duwatsun roba guda biyu da suka rage daga wani fim. Ya yi ta jujjuya su, ya ninka su da madubi, ya cika wurin da hayaƙi da fitilu ja da kore, har ka rantse wata duniya ce. Akwai wurin da 'yan sama-jannatin suka shiga wani tsohon kumbo suka tarar da ƙasusuwan wasu ƙattin halittu. Wanda ya kalli Alien na 1979 zai gane wurin nan take. Haka It! The Terror from Beyond Space na 1958, inda dodo ya laɓe a kumbon da ya taso daga Mars yana ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya, suna gudu daga hawa zuwa hawa suna rufe ƙofofi. Dan O'Bannon da ya rubuta Alien shi ma daga nan layin ya fito: a Dark Star na 1974, da suka yi tare da John Carpenter tun suna ɗalibai, wata ƙwallon roba ta wasan bakin teku suka shafa wa fenti suka liƙa mata farata, ta zama halittar wata duniya.

Aibunsu kuwa ba zan rufe maka ba. Babba shi ne gundura. Tunda babu kuɗin nuna abu, sai a tara maza a ɗaki ɗaya su yi ta bayanin abin da ke faruwa a waje, a cike gurbi da tsofaffin hotunan harba roka na sojoji, wani lokaci rokar da ta tashi daban, wadda ta sauka daban. Ilimin kimiyyar ma sai haƙuri: a It! ana zuƙar taba a cikin kumbo, ana jefa gurneti a ciki kamar bangon ba zai huje ba.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke yi da mata, don wannan ba ruwansa da kuɗi. A It! ɗin nan, mata biyu masu ilimi, ɗaya ma likita, su ne ke zuba wa maza kofi suna kwashe kwanuka. A Rocketship X-M, masaniyar da ke cikin tawagar ta kawo lissafinta, shugaban ya ture shi, ya danganta damuwarta da kasancewarta mace. Ba a buƙatar ko dala ɗaya kafin a rubuta wannan wuri da mutunci.

Akwai kuma waɗanda sunansu ya fito ne saboda lalacewarsu. Robot Monster na 1953, kwana 4 da kimanin dala 16,000, ba su iya sayen rigar mutum-mutumi ba sai suka sa wa mutum rigar goggon biri da hula irin ta masu nutso. Plan 9 from Outer Space na Ed Wood, inda kumbuna masu kama da faifai ke lilo a jikin zare, duwatsun kabari na kwali suna rawa, dare ya koma rana a tsakiyar fitowa ɗaya. Jarumi Bela Lugosi ya rasu a 1956 kafin a ɗauki fim ɗin, sai aka haɗa 'yan tsofaffin hotunansa da na wani mutum da ya fi shi tsawo, yana rufe fuska da mayafi. Mutane kan taru su kalla don dariya. Ni ba na jin daɗin wannan dariyar sosai, domin Wood da gaske yake, abin ne ya fi ƙarfinsa.

In kana da sha'awar yin fim da kanka, waɗannan sun fi na zamani koyarwa, tunda kana ganin yadda aka haɗa komai. Kusa da kai ma, matasan Critics Company na Kaduna sun yi suna a 2019 da gajerun finafinan irin wannan da suka ɗauka da wayar hannu da koren ƙyallen da ake ratayawa a baya don a maye gurbinsa da wani hoto a kwamfuta.

Ka fara da It!, minti 69 ne kawai kuma ba ya tsayawa. Daga nan Rocketship X-M, ka daure wa surutun farkon har a isa Mars. Na uku Planet of the Vampires, da daddare, a allo mafi girma da za ka samu, don launukansa ba sa fitowa a waya. Plan 9 kuwa ka ajiye shi sai ka gama da waɗannan ukun.